Ci-ranin tsakiyar teku: yadda 'yan Barazil ke bin aikin mai daga ƙasa zuwa ƙasa

Mu 'yan kasuwa idan aka ce ci-rani, abin da ke faɗo mana a rai shi ne mutum ya ɗaure kayansa ya ƙetare iyaka, ya kama rumfa a Kumasi ko Duwala ko Njamena, ya shekara bai leƙa gida ba. To akwai wani ci-ranin da babu rumfa, babu kasuwa, babu ma ƙasar da za ka taka. Mutum zai yi sallama da iyalinsa, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi ya dire a kan wani ƙaton ƙarfe a tsakiyar teku, ya yi kwana 28 yana aikin awa 12 kullum, sannan a mayar da shi gida ya yi wasu kwana 28 ɗin yana hutu. Cikin mutanen da suka yi suna a wannan sana'a akwai 'yan Barazil. Mu dai da ƙwallo muka san su, sai sukari da kajin ƙanƙara da ke shigowa kasuwanninmu. Amma suna fitar da wata hajar da ba a zuba ta a kwantena, wato ƙwararrun ma'aikatan haƙar mai a teku.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne tallace-tallacen da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai ana neman ma'aikata a jirgin mai, albashi da dala, a tura kuɗin fom. Yaranmu suna gani, ransu yana biyawa, wasu har su zo wa iyaye da maganar a ranta musu daga cikin jari. Gara mu duba mutanen da ke samun irin wannan aiki da gaske, mu ga ta wace ƙofa suka shiga.

Barazil ta kafa kamfaninta na mai, Petrobras, a 1953, zamanin Shugaba Getúlio Vargas. Sun daɗe suna tona a tudu ba su samu na kirki ba. (Wurin da suka fara ganin mai a 1939 yana jihar Bahia, can inda aka kai kakanninmu Hausawa bauta, har Musulmi suka yi tawayen nan na 1835. Wannan labari ne na wata rana.) Da tudu ya ƙi, sai suka nufi ruwa. A 1974 suka samu mai a tekun da ke gaban jihar Rio de Janeiro, yankin da suke kira Campos, kuma a 1977 suka fara kwasa. Daga nan kullum ƙara nutsawa suke yi, daga zurfin mita ɗari zuwa dubu, zuwa dubu biyu. Ba don sha'awa ba, man nasu ne a can Allah ya ajiye shi. Dole ce ta sa suka koyi aikin zurfin da ba kowace ƙasa ta iya ba.

Babbar sa'arsu ta zo a 2006, aka bayyana wa duniya a ƙarshen 2007. Sun gano mai a ƙarƙashin gishiri. Yadda abin yake, ka yi tafiyar kusan kilomita 300 daga gaɓa, ka sauke bututu ya ratsa ruwa mai zurfin mita 2,000, ya shiga duwatsu, ya tarar da shimfiɗar gishiri wadda kaurinta kan kai wata mita 2,000, ya huda ta, sannan ya iske man. Wani wurin daga saman ruwa zuwa man ya kai kilomita 7. Mu da muka san fataucin gishirin Bilma sai mu ce ashe akwai gishirin da ya fi ƙarfin azalai. Yau Barazil na fitar da ganga fiye da miliyan 3 a rana, kuma kaso mafi tsoka daga ƙarƙashin gishirin nan yake fitowa.

Tun da nesa da gaɓa ne, ba su cika dogara da jan bututu zuwa tudu ba. Sai su kawo wani ƙaton jirgin ruwa su ɗaure shi a wurin shekara da shekaru. Shi ke zuƙo man, ya raba shi da ruwa da iskar gas, ya adana a cikinsa, har jirgin dako ya zo ya kwashe. Ni dai jirgin-rumbu nake kiransa, don aikin rumbu yake yi. Babu ƙasar da ta kai Barazil yawan irin waɗannan jirage. Riƙe wannan a ranka, ɗan'uwa, don nan sirrin yake. Irin wannan jirgi ne a Gana, wanda aka sa wa sunan Kwame Nkrumah, da ya fara aiki a filin Jubilee a Disambar 2010. Irinsa ne a Angola, da Najeriya, da Senegal wadda ta fara fitar da nata man a 2024. Kuma kamfanonin da ke haɗa jiragen nan da tafiyar da su ba su da yawa, sun zagaye duniya. MODEC na Japan shi ya haɗa Kwame Nkrumah, shi ne kuma ke da jirage da dama a Barazil. Yinson na Malesiya yana da jirgi a Gana, yana da shi a Barazil. SBM na Holan yana Barazil, yana Angola, yana Giyana. Saboda haka wanda ya shekara goma yana kula da injin a jirgin Barazil, in aka kai shi tekun Afirka ba baƙo ba ne, kamar wanda ya san kasuwar Kantin Kwari ne aka kai shi wata kasuwar atamfa. Sau da yawa ma ba neman aiki yake fita yi ba, uban gidansa ne ke ɗauke shi daga wannan jirgi zuwa wancan.

Garin da ya zama cibiyar wannan harka shi ne Macaé, ana furta shi Makaye, arewa da birnin Rio. Garin masunta ne kafin Petrobras ya kafa sansaninsa a can a ƙarshen shekarun 1970. Yanzu mutanensa sun haura dubu 200, filin jirginsa kuwa jirage masu saukar ungulu ne ke ta tashi da sauka. Duk wanda ya ga yadda haya ta tashi a Takoradi bayan an samu mai ya san irin abin da ya faru a can: otal-otal, gidajen haya, makarantun koyon sana'a, da baƙi daga ko'ina suna neman sa'a.

Sai kasuwa ta juya. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, amma a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. A daidai wannan lokaci kuma aka buɗe binciken cin hanci da ake kira Lava Jato, wanda ya fara a Maris 2014, ya taɓa Petrobras da manyan 'yan kwangilarsa da 'yan siyasa. Aka dakatar da kwangiloli, wani kamfani mai suna Sete Brasil da aka kafa don ƙera jiragen haƙa fiye da 20 ya durƙushe. Masana'antun ƙera jiragen ruwa da ke da ma'aikata kusan dubu 80 a 2014, ba a yi shekara uku ba fiye da rabinsu sun rasa aiki. Wanda bai ci nanin ba, nanin ta ci shi: mai walda da mai haɗa bututu da ba su taɓa ganin kuɗin cin hanci ba su ne suka fara komawa gida. A Macaé gidaje da shaguna suka koma wayam. A wannan tsanani ne da yawa suka fara leƙen waje da gaske. Daga baya darajar kuɗinsu ta ƙara musu ƙaimi: a 2014 dala ɗaya riyal ɗinsu biyu da 'yan kai ce, a 2020 kuwa ta haura biyar. Mu da ke canji tsakanin sefa da sidi da naira ba sai an yi mana bayanin abin da wannan ke nufi ga mai karɓar albashi da dala ba.

Ina suke zuwa? Angola ce ta farko a zukatansu, kuma dalilin a fili yake: harshe ɗaya suke yi, na Fotugis. Ɗan Barazil na sauka Luwanda zai yi ciniki a kasuwa ba tafinta. Bayan haka masana ƙasa sun ce a da can gaɓar Barazil da ta Angola da Kwango da Gabon a haɗe suke kafin teku ta raba su, shi ya sa gishirin da ke ƙarƙashin wannan gefe akwai shi a wancan. Aikin ya yi kama, harshen ɗaya. Akwai Mozambik, ita ma mai harshen Fotugis, wadda ta fara fitar da iskar gas daga wani jirgi a teku a 2022. Petrobras da kansa ya taɓa riƙe hannun jari a filayen Agbami da Akpo da Egina na Najeriya kafin ya sayar, cinikin ya kammala a farkon 2020.

Sabuwar kasuwa kuwa ita ce Giyana, maƙwabciyarsu ta arewa, har gada ce ta haɗa su a kan kogin Takutu. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. ExxonMobil ya gano mai a tekunta a 2015, aka fara kwasa a Disambar 2019, kuma kafin ƙarshen 2024 tana fitar da ganga fiye da dubu 600 a rana. Ƙasar da ba ta taɓa aikin mai ba, ina za ta samo ƙwararru dare ɗaya? Dole ta ɗauko daga waje. Sai dai Giyana Turancin Ingilishi take yi, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Ingilishi shi ne shingen da ya fi tsare 'yan Barazil. Ƙasarsu babba ce, mutum zai yi karatu ya yi aiki ya tsufa bai buƙaci wani harshe ba. Amma a jirgin ƙasa-da-ƙasa za ka tarar da ɗan Filifin da ɗan Indiya da ɗan Sikotilan da ɗan Najeriya, taron safe da Ingilishi, takardar izinin aiki da Ingilishi, sanarwar gobara da Ingilishi. Wanda bai ji umarnin gaggawa ba hatsari ne ga kansa da abokan aikinsa. Saboda haka za ka samu gwani wanda hannunsa ya faɗa, amma wanda bai kai shi ba ya samu gurbin don kawai bakinsa ya buɗe. A nan kam ina ganin yaranmu da suka tashi a zango suna jin harshe uku ko huɗu suna riƙe da dukiyar da ba su san darajarta ba.

Sai maganar takardu. Kafin ɗan Barazil ya taka dandamalin mai a ƙasarsa, sai ya yi kwas na kariya da ake kira CBSP, wanda rundunar ruwansu ke kula da ƙa'idarsa: kashe gobara, taimakon farko, yadda za ka rayu in ka faɗa ruwa. Akwai kuma horon fita daga jirgi mai saukar ungulu idan ya faɗa teku. Wannan abin a ji tsoro ne ko a wurin gwaji: a ɗaure ka a kujera cikin wani akwati mai kama da jirgin, a nutsa shi a tafki, a kife shi, ka kwance ɗamara ka ɓalle taga ka fito kana riƙe da numfashi. Amma idan zai fita waje, yawancin kamfanoni wata shaidar suke nema mai suna BOSIET, wadda hukumar OPITO ta Birtaniya ke tantancewa, kuma duk shekara 4 ake sabunta ta. Ga gwajin lafiya, ga katin rigakafin shawara, ga fasfo, ga bizar aiki wadda kamfani ne ke nema masa. Masu aikin tuƙi da injin jirgi kuwa sai da littafin ma'aikacin ruwa, hafsoshinsu suna fitowa ne daga makarantu biyu, ɗaya a Rio ɗaya a Belém.

Abin lura, duk waɗannan kwasa-kwasai ba su ne sana'ar ba. Izinin hawa jirgi ne kawai, kamar katin shiga kasuwa. Ka shiga kasuwa ba haja, me za ka sayar? Hajar ita ce abin da hannunka ya iya: walda, lantarki, gyaran inji, kula da na'urorin awo, tuƙa injin ɗaga kaya, sarrafa na'urar nan da ake turawa ƙarƙashin ruwa mai ido da hannu, aikin jinya, kula da kariya. Barazil na da makarantun koyon sana'a na SENAI tun 1942, kuma ma'aikata da yawa ta nan suka biyo, suka yi shekaru a masana'antar tudu, suka yi wasu shekarun a tekun gida, kafin wani ya yi tunanin biya musu kuɗin jirgi zuwa wata ƙasa. Ko a Barazil ɗin akwai masu makarantun da ke cika wa matasa kunne cewa da kwas na kwana biyar za su hau jirgi, yaro ya kashe kuɗinsa ya rungumi takarda yana jira har wa'adinta ya ƙare.

Dalilin da ya sa ba a ɗaukar sabon shiga daga wata ƙasa lissafi ne na ɗan kasuwa. Kamfani zai biya tikitin jirgin sama zuwa da dawowa kusan sau shida a shekara, da otal, da biza, da inshora. Ba zai yi wa mai share bene ko mai wanke-wanke wannan ɗawainiya ba alhali ga 'yan ƙasa a bakin tashar ruwa. Kuma ko yana so, doka ba za ta bar shi ba. Najeriya ta yi dokar fifita 'yan ƙasa a harkar mai a 2010, Gana a 2013, Angola ta sabunta tata a 2020, Giyana ta yi a 2021. Barazil da kanta dokar ƙwadagonta ta ce kashi biyu cikin uku na ma'aikatan kamfani su zama 'yan ƙasa. Don haka gurbin baƙo ya takura, sai na sama: mai kula da sashe, ƙwararren da babu irinsa, kuma sau da yawa da sharaɗin ya koya wa ɗan ƙasa wanda zai gaje shi. Ɗan Barazil ɗin da aka kai Luwanda ya san cewa yaron da yake koya wa aiki shi ne zai karɓi kujerarsa. A ganina wannan daidai ne, haka su ma suka karɓa daga hannun Amurkawa da Turawa.

Wannan ya shafi gidajenmu kai tsaye. Yaron da aka haifa a Sekondi yana da katin Gana, ƙofarsa tana Gana, ta makarantar sana'a da kamfanonin da ke Takoradi, ba ta hannun wani mai lambar waya da ya ce zai kai shi Norwe ba. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗin fom, ba ya cewa ka tura kuɗin biza ta waya, ba ya ɗaukar mutum ba tare da ganawa da gwajin lafiya ba. Masu damfara suna ɗora tambarin manyan kamfanoni a takardunsu, kamar yadda ake buga tambarin atamfar Holan a kan ta jabu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To shi wanda ya samu, me ya samu, me ya bari? A gida doka tana kare shi sosai. Dokar 1972 ta hana a tsare ma'aikaci a teku fiye da kwana 15 a jere, don haka tsarinsu 14 a ruwa 14 a gida, ma'aikatan Petrobras na dindindin kuwa, waɗanda sai da jarrabawar ƙasa ake ɗaukarsu, 14 a ruwa 21 a gida. Akwai ƙarin kashi 30 cikin ɗari na albashi saboda hatsari, akwai albashin wata na 13 a ƙarshen shekara, akwai asusun da uban gida ke zuba masa kashi 8 cikin ɗari duk wata. Idan ya sa hannu a kwangilar waje kai tsaye, yawanci duk wannan ya bar shi a baya. Za a biya shi da dala, wasu ma a kan kwanakin da ya yi a ruwa kawai, ranar da kwangila ta ƙare kuwa sai dai a yi musabaha. Fanshonsa shi zai riƙa zuba wa kansa. Kuma matuƙar iyalinsa da zamansa suna Barazil, hukumar harajinsu tana da haƙƙi a kan abin da ya samo a waje. Irin lissafinmu ne na fatake: ribar hanya mai nisa ta fi yawa, amma ba a ƙirga ta sai an cire kuɗin mota da kwastan da asarar hanya.

Hatsari kuwa ba labari ba ne. A Maris 2001 dandamalin P-36, wanda a lokacin yana cikin mafi girma a duniya, ya yi bindiga, mutum 11 suka mutu, bayan 'yan kwanaki ya nutse. A Fabrairun 2015 wani jirgin-rumbu ya fashe a gaban jihar Espírito Santo, mutum 9 suka rasu. Wanda ya zo gaɓar Afirka kuma yana da ƙarin abin tsoro biyu: zazzaɓin cizon sauro, wanda ke kayar da baƙo da sauri fiye da ɗan gida, da 'yan fashin teku, waɗanda a 2020 kaɗai suka sace ma'aikatan jiragen ruwa 130 a mashigin Gini, ko da yake abin ya lafa daga baya.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ɓangaren iyali, don shi ne muka sani a jikinmu. Kwana 28 ɗin hutun nan ba cikakku ba ne, tafiya daga Luwanda zuwa wani gari a cikin Barazil tana cin nata rabon. A jirgi ɗaki ɗaya mutum biyu ko fiye, ba giya ko ɗigo, ba fita, ba ganin kowa sai abokan aiki. Aka yi haihuwa ko rasuwa a gida, sai dai ka ji a waya, sauka kuwa sai in yanayi ya bar jirgi mai saukar ungulu ya tashi. Matar ita ce uwa ita ce uba rabin shekara: makaranta, asibiti, haya, rigimar yara. Ranar da maigida ya dawo kuma ya tarar gida ya saba tafiya ba shi, ya ce zai gyara tsari, kafin a fahimci juna lokacin komawa ya yi. Hajiya da mijinta ke Abija ko Libarabil tana gida da yara ta san wannan karatun ba sai an biya mata ba. Bambancin kawai, shi ɗan teku ya san ranar dawowarsa tun kafin ya tafi, mu kuwa sai kaya sun ƙare. Akwai mata ma a jiragen nan, injiniyoyi da ma'aikatan jinya da hafsoshin tuƙi, duk da dai ba su da yawa.

Yanzu kasuwar ta sake juyawa. Filin Búzios da ke ƙarƙashin gishiri ya zama mafi girma a Barazil, ana ta kawo masa sababbin jiragen-rumbu da ake haɗawa a Sin da Koriya ta Kudu da Singafo, kuma kowane jirgi yana buƙatar ma'aikata rukuni biyu ko fiye, masu hawa da masu sauka. Tsofaffin dandamalin Campos da suka gama aiki su ma sai an biya mutane sun kwance su. A ɗaya gefen tekun, an gano mai a Namibiya a 2022, Kwaddibuwa ta fara kwasa daga filin Baleine a 2023, Petrobras kuma ya sake leƙo Afirka ya sayi hannun jari a tekun Sao Tome. Kamfanonin nan duk mutum ɗaya suke nema, mai shekara goma a jirgi kuma mai jin Ingilishi, don haka wasu daga cikin waɗanda suka fita a shekarun tsanani sun fara komawa Macaé, inda za su riƙa ganin 'ya'yansu duk bayan mako biyu maimakon huɗu.